Kwana Tara da Tomoe Ba Ta Je Ba

Ranar Litinin Tomoe Kuwabara ta kai ƙara, kafin tsakar ranar Laraba malaminta, Malam Nagumo, ya san kowace kalma da ta rubuta a kansa.

Ba wani ne ya kai masa tsegumi ba. Ina ma tsegumin ne, da an san wanda za a zaga. A kwalejin koyon haɗa kayan zaƙi ta garinmu, kamar kowane ofis da kuka sani, takarda ba ta cika takarda sai ta zaga tebur-tebur kowa ya danna mata jan hatiminsa, alamar ya gani. Sanarwar gyaran famfo haka take zagawa, jadawalin hutu ma haka. To Malama Shiraishi, mai ofishin sauraron koken ɗalibai, wadda Litinin da Juma'a kawai take zuwa, ta karɓi takardar Tomoe ta sa a ambulan, ta rubuta "sirri" a bayansa, ta miƙa wa ofishin malamai ta tafi gida. Magatakarda ya farke ambulan, ya ga sunan sashe, ya maƙala takardar a allon zagaye tare da sanarwar allurar mura. Malamai shida ne a sashen, Malam Nagumo ne na huɗu a layi. Ya karanta shafi biyu tsaf, ya danna hatiminsa a gidan da aka tanadar masa, ya miƙa wa na gaba.

Abin da ke cikin takardar ba shi da tsawo. Tomoe shekararta goma sha tara, tana shekarar ƙarshe. Ta rubuta cewa tun bazarar bara Malam Nagumo kan tsaya a bayanta lokacin murza kwaɓi, ya ɗora hannunsa a kan nata wai yana gyara mata riƙo, ya manna jikinsa da nata har ta kasa numfashi. Ta rubuta saƙonnin da yake turo mata a waya. Ta rubuta ranar da ya aike ta ɗakin ajiyar sukari ya biyo bayanta ya rufe ƙofa, da inda ya kai hannu, da yadda ta ture buhu ta fice. Ba ta ce a kore shi ba. Abu ɗaya ta roƙa, a mayar da ita rukuni na biyu da wani malamin ke koyarwa, ko a janye shi daga ajinta har a gama bincike.

Darasinsa na aikin hannu Talata da Alhamis ake yi. Dokar kwalejin kuwa a fili take: wanda ya yi fashi tara a darasin aikin hannu na zangon ƙarshe ba zai kammala a watan Maris ba, wanda bai kammala ba kuma ba shi ba jarrabawar lasisi. Lasisin nan shi Tomoe ta zo nema, shi kuma mahaifinta yake jira ta kawo gida ta gaji shagonsu.

Ranar Alhamis ta shiga kicin ba ta san komai ba. Ta ɗaura farar riga da hula, ta tsaya a teburinta tana auna garin shinkafa. Malam Nagumo ya bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana duba hannu kamar kullum, da ya iso kanta sai ya ja da baya taku uku, ya ɗaga hannuwansa biyu sama.

"Kuwabara, daga nan zan tsaya. Kada ki kasa numfashi a ce ni ne."

Aji ya kwashe da dariya, su a nasu raha ce. Ita kaɗai ta san daga wane layi na wane shafi maganar ta fito. Ma'aunin ya suɓuce mata gari ya watse a ƙasa. Ta durƙusa tana sharewa, shi kuwa ya wuce teburi na gaba yana fito.

Da aka tashi ta nufi ofishin mataimakin shugaban kwaleji, Malam Teshima, mutum mai sanyin murya da son shafa gilashinsa da gefen riga. Ya ba ta kujera, ya saurara, ya ja iska ta haƙora. Ya ce lallai an yi kuskure wajen zagayen takarda, kuma za a ja kunnen magatakarda. Amma fa, in ji shi, in aka duba ta wani ɓangaren, ai ko ba jima ko ba daɗe sai an sanar da Malam Nagumo, to an huta da wannan. Batun canjin rukuni kuwa da wuya. Rukuni na biyu tebur ashirin ne, ɗalibai ashirin, ina za a sa ta? Ko da ma akwai wuri, canja ta yanzu tamkar kwaleji ta yanke hukunci ne kafin kwamiti ya zauna, wannan kuma rashin adalci ne ga malamin da ya yi shekara ashirin da shida yana aiki ba a taɓa jin kansa ba. Ta tambaya yaushe kwamitin zai zauna. Ya ce nan ba da daɗewa ba. Ta tambaya, in ba ta shiga darasinsa ba kafin nan, za a rubuta mata fashi? Ya cire gilashi ya shafa.

"Doka ba ta san dalili ba, Kuwabara. Littafin kiran suna gida biyu ne da shi, ya zo da bai zo ba."

Ta koma gida da niyyar ta faɗa wa iyayenta da bakinta, ashe an riga ta. Shagonsu na ƙasa ne, gidan yana sama, tun kakanta suke dafa jan wake suna yin alewa a wurin. Tana ɗaga labulen ƙofa ta ga mahaifinta, Shozo, tsaye da waya a kunne yana ta rusunawa, kai ka ce mai maganar yana gabansa. "E, Yaya. Haka ne, Yaya. Laifina ne, ban tarbiyyantar da ita ba." Shi da Malam Nagumo wurin ubangida ɗaya suka koyi sana'a tun suna samari, Nagumo ya riga shi shiga da shekara uku. A sana'ar nan shekara ukun ba ta goguwa har kabari. Wanda ya riga ka riƙe ludayi yayanka ne, ko kun yi furfura tare.

Ya ajiye wayar bai ko dube ta ba. Sai wajen cin abinci ya buɗe baki, shi ma tasar miya yake kallo. Ya ce sana'ar hannu da hannu ake koyar da ita, ba da allo ba. Shi ubangidansu da ludayi mai zafi yake ƙwala masa a bayan hannu, ga tabon nan, ya taɓa kai ƙara? Ya ce Yaya Nagumo ne ya sa baki aka ɗauke ta a kwalejin, yau ita ce za ta saka masa da takarda shafi biyu. Tomoe ta ce, Baba, ba maganar riƙon hannu ba ce, akwai abin da ya faru a ɗakin sukari. Ya ɗaga tafin hannu ya tsayar da ita. Ba ya son jin ƙazamar magana a kan abinci, in ji shi. Ya miƙe ya sauka ya jiƙa waken gobe.

Mahaifiyarta Yukari ta jira sai da ƙarar takunsa ta ɓace a matakala. Ita ba ta ce ƙarya ba ne, ko sau ɗaya ba ta ce ba, wannan ya fi komai ci wa Tomoe rai. Cewa ta yi maza haka suke, ita ma da tana aiki a kantin tufafi kafin aure ta ga iri-iri, ta kawar da kai ta wuce. Garin nan ƙarami ne, masu sayen alewarsu rabinsu suna da ɗa ko jika a kwalejin. Maris ya kusa. Ta daure mana.

Talata ta zagayo. Tomoe ta tashi ta shirya, ta hau jirgin ƙasa, ta halarci darasin tsaftar abinci na safe, ta rubuta duk abin da aka ce. Da ƙarfe ɗaya ta yi ta ɗauki farar rigarta ta nufi kicin. A bakin ƙofa ta jiyo muryarsa yana kiran suna, ƙafafunta suka ƙi. Ta tsaya har aka wuce sunanta sau biyu ba amsa, sannan ta juya ta shiga ɗakin karatu ta zauna da rigar a cinya har ƙarfe huɗu. Fashi na ɗaya ke nan. Alhamis na biyu.

Mako na biyu ta koma wurin Malam Teshima, ya ce shugaban kwaleji ya yi tafiya taro, ba a zaman kwamiti ba shi. Mako na uku shugaba ya dawo, amma ana shirin kasuwar alewar sabuwar shekara da kwaleji ke yi, hannu ya yi wa kowa kaɗan. Da ta sake roƙon a janye Malam Nagumo ko na wata ɗaya ne, sai ya yi murmushi irin na wanda yaro ya tambaye shi a ɗauko masa wata. Ranar buɗe ƙofa ga sababbin masu neman shiga tana tafe, kuma iyaye hannun Malam Nagumo suke zuwa gani, shi mai lambar zinare. Wa zai tsaya a madadinsa? Duk da haka lokaci bai yi musu kaɗan ba wajen liyafar ƙarshen shekara. Sun je, sun ci, sun sha, an ce Malam Nagumo har waƙa ya rera.

Sau ɗaya aka kira ta a ji ta bakinta, ranar wata Juma'a, a ofishin Malama Shiraishi. Malam Teshima ne mai tambaya, Malama Shiraishi tana rubutu ba ta ɗago kai. Akwai wanda ya ga an rufe ƙofar ɗakin sukari? Babu. Me ya sa ba ta faɗa tun bara ba? Me ya sa ba ta yi ihu ba? Sai ya zaro takardu, saƙonnin waya ne Malam Nagumo ya buga ya kawo da kansa, ya ja layi a ƙarƙashin amsoshinta. Malam Nagumo ya rubuto cewa hannunta ya fi na kowa laushi, ta amsa da "na gode, Malam". Ya rubuto cewa ya yi mafarkinta, ta amsa da "sai gobe, Malam". Malam Teshima ya ce shi dai bai ga alamar ɓacin rai a nan ba. Haba! Wace ɗaliba ce a ƙasar nan malaminta zai rubuto mata ta yi shiru? Ladabin da suka cusa mata tun tana rarrafe, shi suka juya suka kafa mata shaida.

Da ya fita, Malama Shiraishi ta ajiye alƙalami ta riƙe hannun Tomoe, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma ita aikinta sauraro ne, ba ta da kujera a kwamiti, kuma a watan Maris ake duba ko za a sabunta mata aiki. Ta ba ta takarda mai koyar da yadda ake jan numfashi in zuciya ta tsananta bugu. Tomoe ta ninke ta ta sa a aljihu ta yi godiya.

Kafin a tafi hutun hunturu fashi ya kai shida. Ƙawayen aji da farko suna tambaya, daga baya labari ya ɓulla, aka rabu biyu. Wasu suka ce ai dama Malam ya cika nuna mata fifiko, yanzu da aikin kammalawa ya zo ta ga ba za ta iya ba shi ne ta ƙirƙiro. Wasu 'yan mata biyu suka same ta a banɗaki suka ce su ma ya taɓa yi musu, amma don Allah kada ta ambaci sunansu, shi ne zai rubuta musu takardar samun aiki. Ta ce ba za ta ambata ba. Suka rungume ta suka fita ɗaya bayan ɗaya don kada a gan su tare.

Hutun kuwa da ba a yi ba ya fi. Ƙarshen shekara shago ba a zama, mahaifinta ya sa ta a kicin ɗin baya, ba a gaban kanti ba, kada masu saye su yi mata tambaya. Yarinyar da tun tana 'yar shekara tara take naɗa curin shinkafa sumul ba tsaga, yanzu in mutum ya gifta ta bayanta sai ta zabura kwaɓi ya faɗi. Ƙanshin wake na tafasa, wanda a cikinsa aka haife ta, ya koma tayar mata da zuciya, sai ta ruga bayan gida ta yi ta kakari. Ta rame har siket ya daina zama. Ranar jajibirin sabuwar shekara ta bar tukunya guda ta kama, mahaifinta ya ɗauki tukunyar ya juye a kwandon shara a gaban idonta. Ya ce wadda ba ta iya tsaron tukunya ba ita ce za ta koya wa Yaya Nagumo yadda ake koyarwa. Daga ranar ya daina yi mata magana kai tsaye. In yana son gishiri sai ya ce da matarsa ta ce wa 'yarta ta miƙo.

Aka koma a Janairu. Na bakwai, na takwas. Saura ɗaya tak, kwamiti bai zauna ba. Ranar Juma'a sai ga waya daga Malam Teshima zuwa ga mahaifinta, ba ita ba. Wai kwaleji ta ga bai kamata abu ya kai ga kwamiti ba tunda na gida ne, shi da Malam Nagumo za su zo ranar Lahadi da rana su ba da haƙuri.

Kowa ya san yadda ake zuwa ban haƙuri. Ana zuwa da baƙaƙen kwat da kwalin alewa a naɗe cikin ƙyalle. In mai gida ya karɓi kwalin, magana ta mutu, ba mai sake tono ta. In bai yarda ba sai ya tura kwalin ya koma gaban mai shi, a fita da shi kamar yadda aka shigo da shi. Da safiyar Lahadi Tomoe ta sauka kicin ta sami mahaifinta yana tace wake, ta durƙusa a kan siminti mai sanyi.

"Baba, don Allah kada ka karɓi kwalin. Ka saurare su, ka ba su shayi, amma kada ka karɓa. Shi kaɗai nake roƙonka."

Ya ci gaba da tacewa. Can ya ce da tukunyar, yau ga wadda za ta koya masa karɓar baƙi a gidansa.

Ƙarfe biyu suka iso, ƙanƙara a kafaɗunsu. Aka kai su ɗakin tabarma na sama. Tomoe ta shige ɗakinta ta rufe, mahaifiyarta ta biyo ta da faranti, tana magana ƙasa-ƙasa. Baƙi saboda ita suka zo, in ba ita ta kai shayi ba an ci mutuncin gidan. Minti goma ne. Ta cusa mata farantin a hannu ta gyara mata gashi. Haka Tomoe ta shiga ta durƙusa ta ajiye kofi a gaban mutumin da ya rufe ta a ɗakin sukari.

Malam Nagumo ya kai goshi ƙasa. Ya ce idan tsananin kishinsa na koyarwa ya jawo rashin fahimta har ran yarinya ya sosu, yana neman afuwa. Shi tsohon hannu ne, bai san yaran zamani ba sa son a matso kusa ba. Tirƙashi, wannan shi ne ban haƙurin. Shozo kuwa ya kai nasa goshin ƙasa ya fi na baƙon daɗewa, yana cewa Yaya ya ɗago don Allah, su ne da neman afuwa, su suka jawo masa wahala da zubar da ƙima. Aka kwance ƙyalle aka turo kwali a kan tabarma. Tomoe ta kafa wa hannun mahaifinta ido. Hannun bai ko yi jinkiri ba, ya ɗauki kwalin da hannu biyu ya ɗaga sama daidai goshi.

Ba a buɗe irin wannan kwali a gaban baƙi, amma Malam Nagumo ya ce da hannunsa ya yi su yau da asuba, Shozo ya ɗanɗana ya faɗa masa ko hannu ya tsufa. Aka buɗe. Alewa shida ce a jere, kowace an yi mata siffar furen hunturu. Shozo ya yanki ɗaya ya sa a baki ya lumshe ido. Ya tambaya waken arewa ne? Nagumo ya ce na arewa ne, sau uku ya tafasa shi yana zubar da ruwan. Shozo ya girgiza kai ya ce shi ya sa, shi har yau bai kai nan ba. Suka shiga hirar wake, Malam Teshima yana dariya yana shan shayi.

"Baba," in ji Tomoe, "ba rashin fahimta ba ne. Ya rufe ƙofa. Ya sa hannu a cikin rigata."

Malam Teshima ya dubi tabarma, Malam Nagumo ya dubi taga, mahaifiyarta da ke bakin ƙofa ta rufe baki da hannu. Shozo ya haɗiye abin da ke bakinsa, kunnuwansa sun yi ja. A karo na farko cikin mako uku ya yi mata magana kai tsaye.

"Shayin baƙi ya huce. Je ki sake wani."

Ta je ta sake.

Litinin ta wuni tana lissafi da zuciyarta. Darasi goma sha huɗu suka rage. Akwai mutum ashirin a ajin. Za ta koma teburin can ƙarshe kusa da ƙofa, ba za ta shiga ɗakin ajiya ba ko wa ya aike ta, za ta cije ta karɓi lasisinta, daga nan ta san inda za ta nufa da shi. Ta goge farar rigarta da kanta. Mahaifiyarta ta gani ta yi ajiyar zuciya, har ta dafa mata kifin da take so.

Talata mahaifinta ya rufe shago ya kai ta da motar kai kaya, wai kada ƙafa ta sake ƙi. Ya raka ta har bakin kicin. Malam Teshima yana nan tsaye tare da Malam Nagumo, fuskarsa a sake, yana da albishir. Kwaleji ta duba ta ga Kuwabara ta rasa darussa da yawa, ba za ta iya haɗa aikin kammalawa a haka ba, dole sai ta rama. An tausaya mata an shirya mata darasin ramuwa, Litinin da Laraba bayan an tashi, awa biyu-biyu har ƙarshen Fabrairu. Sauran malamai ba su da sarari, amma Malam Nagumo, don ya nuna bai riƙe ta a zuciya ba, ya sadaukar da lokacinsa. Ita kaɗai ce mai ramuwar, saboda haka za ta samu kulawa sosai.

Tomoe ta tambaya ko za a sa wani ya zauna tare da su. Malam Teshima ya ce ai magana ta wuce tun Lahadi, sa mai gadi kuma sai ya zama kamar ana zargin wani. Ta juya ta dubi mahaifinta. Shozo ya haɗa ƙafa, ya rusuna har hularsa ta kusa faɗuwa.

"Na damƙa maka ita, Yaya. Ka yi haƙuri da halinta, ka gyara mini ita."

Malam Nagumo ya ce ba komai, 'yarsa ce. Ya matsa gefe ya buɗe mata ƙofa, ya miƙa hannu zai dafa kafaɗarta ta wuce.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta kauce wa hannun, ta cire hular ta ninke, ta kwance rigar ta ninke, ta ɗora su a kan benci na bakin ƙofa. Ta bi doguwar barandar ta sauka, mahaifinta yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa don kada a ji. A cikin kicin aka fara kiran suna.

Da yammacin ranar kwamiti ya zauna. Shugaba yana gari, ba kasuwa, ba liyafa, kowa ya samu sarari. Mako bakwai sun kasa haɗuwa a kan takardar Tomoe, amma a kan littafin kiran suna minti ashirin da biyar ya ishe su. Fashi tara, doka a fili take. Aka ba iyayenta shawara ta janye da kanta don kada takardunta su ɓaci, mahaifinta ya sa hannu. A fayil an rubuta cewa ɗaliba ta bar karatu saboda dalilai na ƙashin kanta, koken da ta shigar kuma an sasanta shi cikin mutunci tsakanin iyalai biyu.

Ku duba ku gani, duk cikinsu ba wanda ya karya doka. Magatakarda aikinsa ya yi, Malama Shiraishi ta saurara, Malam Teshima ya kare adalci, uwa ta kare sunan gida, uba ya girmama na gaba da shi. Kowa ya kwana da zuciya fara. Na kwalejin ba su ba ni mamaki ba, ginin suke tsaro. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin da ya san ɗanɗanon wake har ya faɗi yankin da aka noma shi, amma 'yarsa ta rame a gabansa wata biyu bai ga komai ba. Ya gani sarai. Kunyar yayansa na sana'a ce ta fi masa 'yar cikinsa nauyi, ya auna ya zaɓa. A watan Maris Malam Nagumo ya karɓi furanni daga ɗalibai masu fita, a Afrilu aka ba shi sabon aji, 'yan mata goma sha uku a ciki. Shozo kuma duk mai saye da ya tambayi Tomoe sai ya ce ba ta da ƙoshin lafiya, yaran yanzu ba su da juriya.

Ranar bikin kammalawa Tomoe tana sama tana haɗa kaya a jaka, ta samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a babban birni. Mahaifiyarta ta shigo ta zauna tana taya ta ninki. Daga titi ana jiyo 'yan ajinsu suna wucewa da kwalliya, suna dariya.

"Da yanzu kina cikinsu," in ji uwar, tana share ido da bayan hannu. "Wata biyu kacal, Tomoe. Da kin daure."

Tomoe ta ja zif ɗin jakar ta ɗago ta dube ta.

"Shekara ɗaya da rabi ina shiga ajin nan, Mama, Talata da Alhamis, yana tsaye a bayana. Kowa ya ƙirga kwana tara da ban je ba. Waɗanda na je fa, wa ya ƙirga?"